Labarina ya cije a tsakiya, yaya ake tsara zubin littafi?

"Assalamu alaikum Anti. Ni sabuwar marubuciya ce, a Gwammaja nake. Na fara wani labari ina sakinsa a WhatsApp kullum da daddare, yanzu na kai fitowa ta 43. Labarin wata yarinya ce mai suna Rabi, mahaifinta ya rasu ya bar su ita da mahaifiyarta a gidansa, baffanta yana son a sayar da gidan, ga kuma saurayinta ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Da farko ana ta yabawa. Da na ga labarin yana neman ƙarewa sai na sa saurayin ya yi hatsarin mota, na kawo wata ƙawa da ta ci amanarta, daga baya na sa aka yi wa Rabi asiri. Yanzu masu karatu suna cewa ina jan labari, ni kuma wallahi ban san inda zan kai shi ba. Don Allah yaya ake tsara labari daga farko har ƙarshe?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayar taki ta rabu gida biyu: yadda ake shimfiɗa labari tun kafin a ɗora alƙalami, da yadda za ki ceto wannan da ya riga ya yi nisa. Abin da kike tambaya a kai shi malaman Hausa na jami'a suke kira zubi da tsari, wato yadda aka jera abubuwan da suka faru da kuma abin da ya ɗaure wannan da wancan. Jigo daban ne, shi ne saƙon. Salo daban ne, shi ne yadda kike sarrafa harshe. Marubuciya tana iya samun jigo mai kyau da Hausa mai daɗi, amma zubi ya kayar da ita, kuma yawanci a tsakiyar littafi yake kayar da mutum, daidai inda kike yanzu.

Akwai gwajin da nake sa duk wanda ya kawo min rubutu ya yi. Ki zaunar da wata a gida, ki ba ta labarin da baki cikin minti biyar, ki kasa kunne ki ji kalmar da take haɗa maganganunki. Naki zai fito kamar haka: baban Rabi ya rasu, sai baffa ya ce a sayar da gida, sai kuma saurayi ya yi hatsari, sai kuma ƙawa ta ci amana, sai kuma aka yi asiri. Kin ji "sai kuma" sau uku a jere. Duk inda "sai kuma" ta yi yawa, abubuwan zube suke kamar tsakuwa a kwano, za ki iya ɗauke hatsarin ki kai shi bayan asirin ba abin da zai canja. Kalmar da ake so ta riƙa fitowa ita ce "shi ya sa". Rabi ta yi kaza, shi ya sa baffa ya yi kaza, shi ya sa uwar ta shiga kaza. Masu karatunki ba su san wannan bayanin ba, amma jikinsu ya ba su. Hatsarin da cin amanar da asirin duk daga sama suka faɗo wa Rabi, ba abin da ta aikata da ya jawo ko ɗaya daga cikinsu, don haka tun daga hatsarin nan ta zama 'yar kallo a cikin labarinta.

Inda muka gaji wannan hali

Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Mun taso da tatsuniya, inda Gizo zai fita daga wannan rikici ya faɗa wancan har a kai ƙurunƙus. Littattafan farko da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ma da yawansu labaran tafiya ne, gari bayan gari. Sai dai mutane suna kwaikwayon yawon su manta da igiyar da ta riƙe shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, duk garin da Alhaji ya shiga da duk wasan kura da suka yi da Malam Zurƙe, mai karatu yana sane da cewa ruwa aka fita nema kuma ba a samo ba tukuna. A littafi na farko na Magana Jari Ce, labaran da aku yake bayarwa kowannensu cin gashin kansa yake yi, amma duk aiki ɗaya suke yi, su riƙe Musa ɗan sarki a gida kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Da an cire wannan dalilin, da tarin labarai kawai za a samu.

Daga baya kasuwa ta ƙara mana nata. Mu da muka yi zamanin buga littafi a kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari mun san yadda ake yi: labari ɗaya a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Idan na ɗaya ya karɓu, mai sayarwa zai ce miki kada ki kuskura ki ƙare a na biyu. Ni kaina na taɓa miƙe labarin da ya kamata ya tsaya a littafi biyu ya kai huɗu, na cusa kishiyar da ba ta da aikin yi sai zuba gishiri a miyar amarya. An saya, amma har yau ba na son a tuna min da littafin nan. Sakin labari kullum da daddare a waya wannan matsin ne ya dawo da sabuwar riga. Dole ki samo abin da zai tayar da hankali kafin ƙarfe tara, kuma abin da ya fi sauƙin samowa shi ne hatsarin mota.

Ƙullin labarin Rabi

Kafin in rubuta layi ɗaya, abu huɗu nake tabbatarwa na sani: me tauraruwar take so, wa ya tare mata hanya kuma mene ne hujjarsa, me za ta rasa idan ta gaza, da kuma yaushe lokaci zai ƙure mata. Mu gwada da naki.

Rabi tana son mahaifiyarta ta ci gaba da zama a ɗakinta. Wannan ya isa, buƙata ce da ake iya gani da ido, ga ɗaki ga gado ga randa a tsakar gida. "Tana son farin ciki" ba buƙatar labari ba ce, domin ba wanda zai iya nuna ranar da aka samu.

Baffan ne nake jin kin yi wa gaggawa. Daga yadda kika bayyana shi, mugu ne kawai. To duba abin da shari'a ta ce. Idan mamaci bai bar ɗa namiji ba, iyayensa kuma ba su da rai, 'yarsa tilo rabin dukiya take ɗauka, matarsa ta ɗauki tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ragowar kashi uku cikin takwas kuma na baffan ne idan shi kaɗai ne ɗan'uwan mamacin. Ashe mutumin nan haƙƙinsa yake nema. Gida kuwa ba a yanka shi takwas da wuƙa, sai dai a yi masa kuɗi, ko dai su Rabi su biya shi kasonsa ko a sayar a raba. Su kuma ba su da kuɗin. Kin ga yanzu ba wanda za a kira azzalumi kai tsaye, amma duk da haka wata za ta rasa ɗakin da ta yi shekara ashirin a ciki. Irin wannan ƙullin ne yake ɗaukar littafi guda ba tare da an nemo aljani ba. Ki ba baffan nasa matsin, a ce ya sa ranar 'yarsa ga kayan ɗaki bai haɗa ba, ko mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Mugun da ba shi da dalili sau ɗaya yake ba da tsoro, daga nan sai ya gundura.

Sai lokaci. A nan al'adarmu da addininmu sun yi mana gata, don cike suke da wa'adi. Mahaifiyar Rabi tana takaba, wata huɗu da kwana goma. Ki sa baffa ya ce, don kunya da ganin idon mutane, ba zai ta da maganar gida ba sai ta fita takaba. Shi ke nan kin sami agogo. Duk babin da aka shiga mai karatu yana lissafin kwanakin da suka rage, sadakar bakwai ta wuce, ta arba'in ta wuce, saura wata biyu, saura sati uku. Labarin da ba shi da wa'adi shi ne yake yawo. A wani labarin wa'adin zai iya zama idda, ko ranar ɗaurin aure da aka riga aka raba goro, ko watan haihuwa, ko faɗuwar damina a kan gidan da rufinsa yake yoyo.

Yanzu abin da ya fi komai: Rabi ta yi wani abu da hannunta, kuma abin ya zama kuskure mai hujja. A ce a daren sadakar uku ta buɗe akwatin mahaifinta ta ɗauke takardun gidan, ba ta gaya wa kowa ba har uwarta. Tana tsoron a bincika ɗakinta, shi ya sa ta kai wa saurayin ajiya. Shi kuma kayansa sun maƙale, masu bashi sun taso shi a Kwari, shi ya sa ya ba da takardun jingina yana cewa sati biyu zai karɓo. Baffa ya nemi takardu bai gani ba, shi ya sa ya zargi matar wansa, magana ta je gaban mai unguwa, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ta wuce kotu. Uwar tana ta rantsuwa ba ta san inda suke ba, kuma gaskiya take faɗa, amma dangin miji sun riga sun sa mata sunan mai cin dukiyar marayu da ta magada. Rabi tana zaune tana kallo ana wulaƙanta uwar da ta yi abin don ta kare. Idan ta yi magana ta tona kanta ta tona wanda za ta aura. Idan ta yi shiru uwarta ce a bakin duniya. Gaba kura baya sayaki, kuma ita ta kai kanta wurin. Ki lura cin amanar da kike nema tana nan, sai dai yanzu daga cikin labarin ta tsiro, ba sai an ɗauko wata ƙawa daga Abuja ba.

Tsakiya da abin da ake binnewa

Tun zamanin Girkawa, masanin falsafa Aristotul ya ce cikakken labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma har yau a kan wannan ake koyar da marubuta fim da littafi. Gaskiya ne, amma bai cika taimakon wanda ya maƙale ba, don tsakiyar ita ce fiye da rabin littafin. Abin da ya fi yi min amfani shi ne in nemi abu ɗaya da zan ajiye a daidai tsakiya wanda zai juya yadda mai karatu yake kallon komai. A labarin Rabi, a ce a nan ne za ta gano mahaifinta ya rasu da bashin baffan a kansa, kuɗin da ya ranta lokacin da aka yi wa mahaifiyarta aiki a asibiti, baffan kuma bai taɓa faɗa ba don kada ya tozarta ɗan'uwansa a kabari. Bashi kuwa kafin gado ake fitar da shi. Mutumin da ta ɗauka maƙiyi ashe ya fi ta rufa wa gidan asiri. Daga wannan babin tambayar littafin ta tashi daga "za ta kuɓutar da gidan?" ta koma "za ta iya faɗin abin da ta yi?" Ragowar rabin littafin ya sami nasa man.

Sharaɗin shi ne ki binne abin tun da wuri. A babi na biyu, lokacin da take ɗaukar takardun, ta ga wani ɗan ƙaramin littafi mai baƙin bango a ƙasan akwatin, an rubuta lambobi da ajami, ta ture shi gefe don sauri take yi. Layi biyu ya isa. Idan ya dawo a babi na goma sha biyar mai karatu zai dafe kai ya ce ai na gan shi. Idan kuwa ba ki binne ba, zai ce kin ƙirƙiro ne don ki fita kunya. Haka kuma duk abin da kika nuna da muhimmanci a farko bashi ne a kanki, sai kin biya kafin ki rufe littafin.

A nan zan yi ƙorafi a kan wata ɗabi'a tamu. Labari ya ɗauko zafi, an kai fitowa ta uku, sai a tsaya cik a rubuta "Wace ce Rabi?" a koma kan kakanta da ya taso daga ƙauye, matansa nawa, 'ya'yan kowacce nawa, wa ya auri wa, shafi goma. Mai karatu bai tambaye ki ba tukuna. Ki riƙe tarihin a hannunki, ki riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a inda rigima ta buƙace shi. Gori ɗaya da gwaggo za ta yi wa uwar Rabi a wurin zaman makoki zai gaya mana asalinta fiye da shafi goman nan.

Yadda nake yi a aikace

Mai ɗinkin hula ba ya soka allura sai mai zane ya gama zana masa fasalin a jikin ƙyallen. Ni zanena a bayan katin gayyatar biki nake yi. Ina da jaka guda ta tsofaffin katunan ɗaurin aure da na walima, bayansu fari ne kuma suna da kauri. Kowane kati fage ɗaya. A kai nake rubuta abu uku kawai: wa ya shigo, me ya zo nema, da me ya fita. Misali, "Rabi ta je shagon saurayi karɓo takardu. Ya ce suna gida. Ta fita da zargi." Sai in shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i in jera su, katin farko a hannun dama. Littafi matsakaici yakan ci min kati hamsin zuwa sittin. Daga nan sai in bi su ɗaya-ɗaya ina zare kowanne ina tambaya, idan babu wannan, na bayansa zai tsaya? Idan zai tsaya, katin ya koma jaka, ko da kuwa a cikinsa ne na fi zuba Hausa. Fagen da mutum ya shiga ya fita yadda ya shigo, ba abin da ya ƙaru ba abin da ya ragu, hira ce kawai. Yawancin fagagen kwalliya da girki da zance a falo a nan suke mutuwa.

A gefen kowane kati kuma ina sa kwanan wata na cikin labarin. Wannan na koye shi ne da kunya. A wani tsohon littafina wata ta ɗauki ciki kafin azumi, aka yi ƙaramar Salla, aka yi babba, aka sake shiga wani azumin ba ta haihu ba. Wata mai karatu ce ta aiko min da wasiƙa tana tambaya ko cikin ya kwanta ne. Ke da kike da takaba a labarinki, lissafin kwana 130 ɗin nan dole ya zauna daidai, don matan da suke karanta ki sun fi ki sanin sa.

Katin ƙarshe shi nake fara rubutawa. Ba lallai in san kalmomin ba, amma ina sanin wane zaɓi tauraruwar za ta yi da abin da zai ci mata. Za ki ce ai rayuwa ƙaddara ce, hatsari yana faruwa, asiri ma ana yi. Haka ne. Ƙaddara tana da damar buɗe labari, mutuwar baban Rabi ma ai ita ce. Tana iya ƙara wa tauraruwa wahala a hanya. Abin da mai karatu ba ya yafewa shi ne a ce ita ta warware ƙullin, wato a wayi gari baffa ya haukace yana tona wa kansa asiri a titi, ko ya kira kowa gadon asibiti ya nemi gafara, sannan a rubuta "bayan shekara biyar" a nuna Rabi da 'yan biyu a filin jirgi za su Umara. Mai karatu ya bi yarinyar nan dare arba'in don ya ga abin da za ta yi ranar da alƙali ya ce uwarta ta dafa Alƙur'ani. Ki bar ta ta miƙe ta yi magana, ko ta kasa, ki nuna mana abin da ya biyo baya. Gidan ma ba dole ne ya tsira ba.

Iyakar wannan shawara

Taƙaitawarki kawai na gani, ban karanta fitowa 43 ɗin ba, wataƙila akwai zaren da kika ja a ciki wanda ya fi wanda na zana miki. Kuma akwai marubuta na gaske da ba sa tsara komai, su dai su bi taurarinsu har inda suka tsaya. Sai dai irin waɗannan sukan gama rubutun gaba ɗaya, su koma su rushe rabinsa su sake gini kafin kowa ya gani. Ke da kike saki kullum ba ki da wannan damar, abin da ya fita ya fita. Hanyar katin nan ta fi dacewa da labarin gida irin naki mai tauraruwa ɗaya da matsala ɗaya. Labarin da ya ratsa zuri'a uku, ko mai taurari huɗu kowa da nasa, yana son kowane mutum a yi masa nasa layin katin, sannan a nemi inda layukan suke gamuwa, wannan kuma zance ne mai zaman kansa.

Game da wanda yake hannunki, ki sanar da masu karatu za ki huta sati biyu. Za su yi mita, ba za su gudu ba. Ki mayar da fitowa 43 ɗin kati-kati ki ga nawa ne suke taɓa maganar gidan. Hatsarin ba sai kin soke shi ba, ki ba shi tushe: a bayyana cewa saurayin yana hanyar zuwa wurin wanda ya riƙe takardun ne ya yi shi, yanzu yana kwance ba ya magana, kuma shi kaɗai ya san a hannun wa suke. Ƙawar ki mayar da ita wadda ta ga Rabi ta fita da takardun a daren nan, kin ga cin amanarta ya sami abin kamawa. Asirin ne ban ga inda zai zauna ba. Idan ba ki riga kin nuna boka ƙuru-ƙuru ba, ki bar shi ya zama zargin da uwar take yi saboda ramar da Rabi take yi da rashin barcinta, alhali abin da ta ɓoye ne yake cin ta. Sannan ki ƙirga kwanakin takabar da suka rage a labarin, ki raba su fitowa goma sha biyar ko ashirin, ki rubuta ta ƙarshen ki ajiye kafin ki saki ta 44.